Laifin Farko

Ƙarfe biyu da kwata na dare
fitila mai ruwan ɗorawa ta kama.
Da ja ce, da kowa ya miƙe.
Wannan kuwa tawa ce ni kaɗai:
Sirkku, ajiye kofinki,
a wani lungu na tashar nan
wuta ta sami ɓaraka, tana tsiyaya cikin ƙasa.

Kalervo bai ɗago daga allonsa ba.
Tukunyar nukiliya lafiya lau, in ji shi,
ruwan sanyaya ta na zagayawa,
garuruwa uku na barci cikin ɗumi.
Na ce na sani. Na ɗauki tocila.

Layin batir da ke gadin tukunya
an gina shi ne kada ya taɓa ƙasa,
rataye yake kamar gada a kan kwazazzabo.
In waya ɗaya ta taɓa, shiru kake ji.
Laifin farko ke nan, kuma bebe ne.
Zaunawa yake, yana jiran ɗan'uwansa.
Ranar da na biyu ya zo
sai su haɗa baki ta ƙarƙashin daɓe,
bawul ya buɗe ba wanda ya aike shi,
ko a kira famfon gaggawa
ya yi kunnen uwar shegu.

Aulis ne ya koya min haka
tun ina tsoron riƙe filaya.
Yarinya, ƙasarmu Finland falalen dutse ce,
ba ta shan wuta yadda laka ke sha.
Sai da aka shimfiɗa ragar jan ƙarfe a ƙarƙashin harsashi
kafin ta yarda ta karɓi abin da muke zubarwa.
Amma ba ta san sabo ba.
Duk abin da ya taɓa ta, nata ne.

Akwati bayan akwati.
Ba a kashe layi don a duba shi,
kamar neman ƙaya a ƙafar mai gudu.
Na maƙala mita, na jira, na cire.
Waya ɗari huɗu da wani abu,
kowacce na rantsuwa ba ita ba ce.

Ƙarfe biyar na sauka ɗakin famfunan teku.
Nan bango ke gumi ko a watan Janairu,
ta bayansa ƙanƙarar Baltik na gogar siminti
kamar mai wasa wuƙa ba ya gajiya.
Mita ta motsa.

Akwati na sha bakwai, murfi mai sukuru huɗu.
A ciki ɗigon ruwa guda, mai gishiri,
da wata koriyar tsatsa da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Sukurun da ya riƙe wayar ya fi tsawon da ake so.
Shekara talatin yana cizon robar a hankali,
yau haƙorinsa ya kai jan ƙarfe.

A wuyan wayar akwai 'yar takarda.
Na san rubutun kafin in karanta,
bakwai ɗin nan mai ɗamara a tsakiya,
da harufan sunansa biyu, karkace.
Bara muka kai shi makwanci
a ramin da sai da aka fasa dutse.

Na daɗe a durƙushe.
Tocila ta fara dushewa.

Na canza sukuru, na naɗe waya, na share ɗigon.
Rediyo ya yi ƙara, Kalervo ne: ta mutu, fitilarki.
A takardar rahoto, wurin da aka ce dalili,
na rubuta: sukuru ya zarce da milimita uku.
Wurin da aka ce wa ya ɗaura,
na rubuta sunansa cikakke,
da shi ne ma haka zai yi min.

Sai na ƙara layi ɗaya a ƙasa:
akwatuna sittin ya ɗaura a wannan shekarar,
a buɗe su duka.

Rana ba za ta fito ba sai wajen ƙarfe tara.
A bandaki na goge hannu da sabulu har sau uku,
koren bai fita daga farcena ba.