Awarar Tsohuwa Fumie

Ƙarfe uku na dare a Takayama,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa.
Fumie ta ɗanɗani madarar waken suya,
ta ce, "Daigo, zubar. Ka yi gaggawa."

Na zubar. Karo na tara ke nan.

Ba ta taɓa rubuta min awo ba,
littafin bashi ta buɗe min:
wanda ake jira, wanda ake yi wa tuni,
da dattijon da ba a tambaya.

Yau ga shagona a gindin gada.
Ta dogaro sanda, ta sayi yanka ɗaya,
ta biya cif, ta tauna a tsaye.
Ba yabo, ba fallasa.

Sai a ƙofa ta waiwayo:
"Gobe ka ajiye min biyu."