Amsa ga Kawu Tasi'u

Kawu, ka sake tambaya a waya ran Lahadi:
"To, yanzu dai aikin me kike yi?"
Na yi shiru har katinka ya kusa ƙarewa.
Ga amsar, a bayan takardar kuɗin wuta na rubuta ta.

Shekara uku na yi a jami'a ina koyon zane.
Ran da aka miƙo min shaidar digiri
na naɗe ta, na cusa a bututun kwali.
Tana can saman firji, ita da wani mataccen batir.
Har yau ba wanda ya ce in nuna masa.

Aikina na fari a nan Stoke ne, garin maginan tukwane,
masana'antar faranti, benci na goma sha ɗaya.
Shuɗin zobe a bakin kowane faranti,
ɗari huɗu kafin azahar.
Ni da na ci burin bango guda a zauren baje zane,
sai ga ni ina shata wa miyar wani iyaka.
Maureen da ke gefena, shekararta talatin a bencin nan,
ta ce, "Daina kallon buroshi, kalli inda za shi."
Duk malamaina ba wanda ya taɓa gaya min haka.

Hunturu na biyu aka garƙame masana'antar.
Na koma rubuta allunan shaguna:
mai soya kifi da dankali,
da wani Bakurde mai aski
da ya biya ni rabi kuɗi, rabi alkawari.
Na zana daji a gidan wasan kwaikwayo,
itatuwa goma sha biyu, da farin wata, da ƙofar da ba ta buɗuwa.
Bayan mako uku suka shafe shi da farin fenti,
ni ce ma na riƙe musu tsani.

Sai gidan yari, Talata da Alhamis.
A ƙirga fensir in zan shiga, a ƙirga in zan fita.
Wani ƙato mai zanen allura har wuya
ya yi wata biyu yana gyaran kunnen karensa a takarda.
Da ya gama, ni kaɗai ya nuna wa.

Ka ce taura biyu ba ta taunuwa.
Gaskiyarka, Kawu.
Ɗaya bayan ɗaya na tauna su,
haƙorana kuma suna nan.

Yanzu asibiti nake. Ɗan ɗaki ne, tagarsa na kallon arewa,
don hasken arewa ba ya ƙara wa launi gishiri.
Idon roba nake zanawa, na waɗanda suka rasa ɗaya.
Mutum ya zauna gabana, in ƙura wa idon da ya rage ido
awa guda cur, ba sunkuyar da kai,
abin da Inna ta hana ni tun ina 'yar mitsitsiya.
Ashe babu baƙin ido a duniya, Kawu.
Akwai zuma a ciki, akwai tsatsa, akwai ƙasar bakin rafi.
Jijiyoyin da jan zaren siliki nake shimfiɗa su.
Zoben da ya kewaye ƙwayar kuwa
da ja ɗaya nake yin sa, hannu ba rawa.
Faranti dubu nawa suka koya min, ban ƙirga ba.

Jiya wata 'yar shekara tara, Imogen,
ta ɗauki madubi, ta duba, ta sake dubawa,
ta ce da uwarta, "Wanne ne ma sabon?"
Uwar ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba.

Cikin duk ayyukana wannan na fi ƙwarewa a kai.
In ya yi kyau ba mai lura da shi,
babu kuma gurbin sa hannu.

Ran Asabar har yanzu nakan rubuta allo in an kira ni.
Bakurden nan bai cika alkawari ba,
amma ɗana kyauta yake aski.

In mutanen gida sun matsa maka da tambaya,
ka ce Zuwaira tana fenti.
Ba ka yi ƙarya ba.
A gaida Gwaggo Lantana,
a ce mata maganin gwiwa yana hanya.