Kafa Huɗu da Cifkau Ya Bari

Ranar da aka ɗora tol a gidana na Bagalam,
Cifkau kafinta ya sauko daga tsani
da ƙusa uku a baki, ya yi mini nuni da haɓa:
kafa huɗu ƙarƙashin bakin rufi,
biyu gabas, biyu yamma,
kowace faɗin tafin hannu.
Na ce, wannan fa? Bulo ne ya ƙare?
Ya tofa ƙusoshin a hannu, ya ce,
"Tsakanin tol da silin akwai ɗaki.
Ba mai kwana ciki sai zafi.
In ba ka bar masa ƙofa ba,
a kanka zai tare."

Na yi dariya, na ƙirga masa kuɗinsa.

Wata biyu jemagu suka gane hanya.
Tsahara ta ce ba ta kwana ƙarƙashin fitsarinsu.
Maƙwabci ya ce gida sabo, ga shi da giɓi.
Na kira yaro da kwanon siminti ɗaya,
kafin la'asar bango ya yi sumul.

Bazara ta zo. Silin ya zama tanda.
Fanka na tuƙa zafi kamar tuwo,
ta kwasa, ta zuba mana.
Muka ja tabarmi tsakar gida,
ɗakin da na gina da kuɗin gyaɗar shekara bakwai
muna kallonsa daga waje.

Sai damina. Gulbi ya cika,
iska ta yi nauyi kamar zanen da bai bushe ba.
Da asuba na ji ɗis.
Na saurara. Ɗis.
Na leƙa waje: taurari ras, ba ko hadari.
Ashe tol ke gumi.
Rana ta dafa, dare ya sanyaya,
tururi ya nemi mafita ya rasa,
ya koma ruwa, ya sauko.
Ban sani ba a lokacin.
Na zagi mai tol na kasuwa,
na sa aka bi kan ƙusoshi da kwalta,
na zagi mai kwalta.
Tabo ya yi ta faɗi a silin,
fumfuna ta ci takardar filina cikin akwati,
tarin autana ya ƙi jin magani.

Damina ta uku silin ya yi ciki
kamar akuya mai shirin haihuwa.
Na aika a kira Cifkau.
Aka ce an yi sadakar arba'in ɗinsa tun kafin shuka.

Ɗan Jimma ya zo, yaronsa, da gudumar maigidansa.
Ya ɗage falle ɗaya, ya zura kai,
ya sauko fuska jiƙe, yana haki.
Ya miƙo mini guntun katako.
Na matsa, ya marmashe kamar ƙuli.
Sai ya zagaya bayan ɗaki,
ya shafa bango daidai inda launin siminti ya bambanta.
Ya dube ni. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Bugu uku, kafar farko ta buɗe.
Huci ya fito kamar an ɗaga murfin tukunya,
da warin shekara uku a bayansa.
Ya buɗe sauran, ya ƙara ɗaya can ƙololuwa,
don mai sanyi ta shiga ta ƙasa
ta kori mai zafi ta sama.
Ya kafa raga a bakin kowace.
Ragar jikka biyu.
Katakon kuwa, sai da babur ɗina ya tafi.

Yanzu da magariba jemagu kan zo,
su taɓa raga, su wuce bishiyar dogonyaro.
Maƙwabci ya daina zancen giɓi,
nasa silin ya soma tabo.
Jiya auta ya hau tsani da gashin kaza,
ya riƙe shi a bakin kafar yamma.
Ya ce, "Baba, dubi, yana rawa."
Na ce, riƙe tsanin da kyau.