Farfela

Rumfar Tasi'u mai rediyo, Ƙofar Marusa,
na ajiye jirgin Barira kan tsohuwar jarida.
Mai saukar ungulu, bai wuce tafin hannu ba.
Tun jiya sai ƙugi, ya yi hajijiya, ya kife ƙasa.

Batir lafiya lau, rimot yana ƙyafta ja.
Tasi'u ya sa tsinken sakace
ya zaro daga gindin farfela
silin gashi guda, ya naɗe sau goma.

"Na wa?"
Na san kan da ya fito.
Rungume da shi take barci.

Ɗigon man keke. Ya tashi,
ya bugi kwanon rumfa.
Tasi'u ya ƙi karɓar ko sisi.
Gashin, na sa shi aljihu.