Ladan Gyaran Agogo

Shekara goma sha tara ina Obalende,
ƙarƙashin gada, da akwatin gilashi da ɗan madubi a ido,
ina tonon cikin agogon mutane.
In ka ce mini Ikko, in ce maka hon,
hayaƙin danfo, gosulo,
da janareton maƙwabci mai tari har asuba.
Teku kuwa, ta tagar mota muke gaisawa.

Ran nan wani ya zo, Sewanu sunansa,
da agogon mahaifinsa ƙulle a leda.
Ruwan gishiri ya shige shi, ya kafe a huɗu saura kwata.
Kwana uku ina kankare tsatsa.
Da ya kara shi a kunne ya ji motsi, sai ya kau da kai.
Ya laluba aljihu, ya ce kuɗi ba su kai ba,
amma yana da kwalekwale.
Na ce, kwalekwale ake ci?
Ya ce, zo Badagiri ran Lahadi.

Na je don kada a ce na raina.

Bayan kasuwar kifi muka bar ƙasa.
Ni ɗan tudu, na riƙe katako hannu biyu,
ina karanto duk abin da na haddace.
Ya kashe inji. Ya ɗauki gora.
A nan na ji abin da ban ji ba tun barina gida:
kunnena ba kowa a ciki.

Ruwan ya tsuke ya zama lungu.
Itatuwa tsaye kan yatsunsu cikin laka,
kamar mata sun tattare zane za su ƙetare rafi.
Ƙananan kaguwa, kowace da hannu ɗaya ƙato,
suna ɗaga mana shi, ban san gaisuwa ce ko kashedi ba.
Kainuwa ta buɗe mana hanya ta rufe a bayanmu.
Wani zalɓe a kan kututture
bai ko dube mu ba.
Na ce, har yanzu Legas ce nan?
Ya ce, ita ce, kafin ta sa takalmi.

Muka ɗaure jirgi, muka ratsa ta cikin kwakwa,
rairayi yana cin dugadugai.
Ƙara na fara ji, na zaci tirela ce.
Sai ga ta, ba gilashi tsakaninmu,
ba mai karɓar kuɗin shiga, ba mai tallan komai,
sai wata tsohuwa can nesa tana ɗinke koma
da akuya biyu.

Azahar ta same ni a wurin.
Na shimfiɗa rawanina, teku tana dama da ni,
tana zuwa tana komawa kamar mai neman magana.
Goshina ya taso da yashi, na bar shi.

Can Sewanu ya dubi bakin ruwa ya ce mu tashi,
ya fara janyewa, in mun daɗe laka za ta riƙe mu.
Bai dubi hannunsa ba.
Na ce, to agogon da na ɓata kwana uku a kansa fa?
Ya ce, ba don lokaci ba ne.
Da dare nake sa shi ƙarƙashin matashi,
haka Baba yake yi.

Litinin na koma ƙarƙashin gada.
Ɗanliti mai shayi ya ce ina na shiga jiya,
nawa aka biya ni.
Na cire takalmi na zazzage masa a tafin hannu.
Ya ce, yashi?
Na ce, canji ne, riƙe.

Sauran yana cikin gwangwanin ƙananan batura.
Wani lokacin, in hon ya yi yawa,
nakan girgiza shi kusa da kunne.