Murhun Bulo a Maiwurno

Mardiyya ta dawo daga Wad Madani
da littafi a hammata,
ta same ni ina cusa itacen gabaruwa
a murhun bulo, bakin Nilu.

Ta ce, "Baba, baƙin hayaƙin nan da sauƙi.
Akwai wata iska a cikinsa,
kabon, ba launi, ba wari,
ita ke lulluɓe duniya da bargo."

Na ce, "Ashe ba ita nake fitarwa ba
in na yi ajiyar zuciya?
Ba ita dawar gonar Tukur ke sha ba?
Yaya abincin ganye zai zama datti?"

Ta yi shiru, ta nuna kogi.
Bara ya hau har ƙofar ɗakinmu,
ya narkar da ɗanyen bulo dubu huɗu,
ya tafi da akuyar uwarta.
"Shi ma ruwa ne, Baba. Shi muke sha."

Ban amsa ba.
Wuta na neman itace,
kuɗin makarantarta kuwa na cikin wutar.
Na ƙara guda biyu.
Na ukun na riƙe shi a hannu
har aka kira magariba.