Kuɗin Littafi Ɗaya

A Kasuwar Barci, bayan layin 'yan gwanjo,
Jatau ya baje littattafai a kan buhu,
ya danne su da dutse da warin takalmi
don hadari ya taso daga Rigasa.
Kuɗin littafi ɗaya ne a aljihuna,
abin da kantin magani ya rage min.

Sati uku ke nan mahaifina na kwance.
Jini ya hau, ya shanye masa ɓarin dama,
ya haɗa da kalmomi ya kwashe.
Sai ya ƙura wa kofi ido, leɓe na rawa,
sunan ya ƙi zuwa.
Dare a gefen gadonsa rarrafe yake yi.
Na zo neman wanda zai taya ni zama.

Jatau ya ce, ga wannan,
wani tsohon direban jirgin ƙasa ne ya rubuta rayuwarsa,
tun daga Kafanchan har ya ajiye aiki.
Na buɗe. A shafi na tara yana binne uwarsa.
Na rufe.
Wanda ɗakinsa ke yoyo
ba ya zuwa kallon ambaliya.

Ga tarihin masaƙun Kakuri:
yadda aka kafa, aka ci riba, aka kulle.
Lissafi, jadawali, hoton manaja da kwat.
Na leƙa baya, inda ake jera sunaye.
Babu Nadabo Ilu,
da ya shekara ashirin da shida a gaban inji
har kunnensa na hagu ya toshe,
yana dawowa da auduga a ka
kamar furfura ta yi masa sammako.
Littafin ya san ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa.
Bai san abin da muka ci a daren ba.
Ni na sani. Garin kwaki ne, ba sukari.

Na ukun ya ja ni, ba zan ɓoye ba.
Jan bango, jakar kuɗi, gawa a ɗakin otal,
ɗan sandan ciki mai tabo a gira.
Irin wanda za ka ce shafi ɗaya kawai,
sai ka ji ladan yana gyaran murya.
A can kowace mutuwa tana da mai ita,
kuma kafin ƙarshe za a kamo shi.
Na so in sauka a garin da ake haka
ko da kwana biyu ne.
Har na zaro kuɗin.

Sai yayyafi ya sauko.
Jatau ya zabura yana jan leda,
ya ɗaga wani jibgege da ya tokare kusurwa,
ba bango, ɗinkin ya saki.
Ƙamus ne.
Gara ta cinye A, ta ɗanɗana B ta bari.
Ya ce, ai wannan na dubawa ne, ba na hira ba,
shekara huɗu ba wanda ya taya.

Na taya.

Yanzu ƙarfe biyu ta gota, an ɗauke wuta.
Da fitilar waya nake bin layi,
ina buɗe duk inda ya buɗu, ina kira a hankali
kamar mai kiran awaki da magariba.
Tsani. Gwangwani. Marka. Ƙoshiya.
Shiru.
Sauro ne kaɗai ke amsawa.

Na juya can ƙarshe, inda ruwa ya taɓa.
Na ce, zare.

Yatsu biyu na hannunsa na hagu suka ɗaga,
suka haɗu, suka murɗa iska,
yadda ake ƙulla wanda ya tsinke
ba tare da an tsai da inji ba.
Ya ce, za.
Ya huta.
Ya ce, za.

Ban ƙarasa masa ba.
Na sa tsinken ashana a shafin.

Har yau ban san wa ya kashe mutumin otal ba.
Jatau ya ce zai ajiye min zuwa ƙarshen wata,
in wani bai riga ni ba.